Amsoshin Wasiƙunku: Tikitin Shekara Da Cunkoson Sallah A Gidan Zu

 Yau wasiƙu uku na ware daga cikin jaka, dukkansu daga yammacin Kano. Masu su ba su haɗa baki ba, amma da na karanta sai na ga a wuri ɗaya duk suke zagaye, wato ƙofar Gidan Zu na Kano a ranakun Sallah.

Ta farko daga wani ɗan kasuwar hatsi ne a Getso, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo. Ya ce 'ya'yansa tara, kuma kowace Sallah sai sun tasa shi gaba a kai su kallon zaki da jimina. To, ɗansa da ke karatu a birni ya nuna masa a waya cewa a Amurka akwai manyan wuraren wasa da ake biya sau ɗaya a yi ta shiga har shekara ta zagayo. Shi ne yake tambaya, me ya hana a kawo mana irin wannan, talaka ya sami sauƙi? Ta biyu wani matashi ne daga garin Kabo, shi kuma shawara ya kawo, ya ce cunkoson Sallah ya yi yawa, a ninka kuɗin shiga a waɗannan kwanaki, wanda ya matsu ya biya, saura su haƙura. Ta uku wata uwar 'ya'ya ce daga Garo, ita ba ruwanta da Amurka, tambayarta ɗaya ce: yara sun dame ta, ita kuma tana tsoron turmutsitsi, wace rana ya kamata a kai su, kuma ta yaya?

To Malam na Getso, ɗanka bai yi maka ƙarya ba. Wurin da ya fi shahara da wannan tsari shi ne Disneyland, a jihar Kalifoniya, kusa da birnin Los Anjalis. An buɗe shi ranar 17 ga Yuli, 1955. Wani makeken fili ne cike da lilo iri-iri, da jiragen ƙasa na wasa, da kwale-kwale, da gidajen kallo, mutum ya wuni yana zagaye bai gama ba. Tun a shekarun 1980 suke sayar da katin shekara. A watan Agusta na 2021 suka fito da sabon salonsa mai suna Magic Key, hawa huɗu. Mafi tsada dala 1,399, na biye dala 949, sai na dala 649, sai mafi araha dala 399. A lokacin kuwa tikitin yini ɗaya mafi rahusa dala 104 ne.

Yanzu sai mu ɗauko alli, don tsohon malamin makaranta ba ya barin hali. Wanda ya sayi na dala 1,399, in da ranakun rahusa zai gwada, sai ya je sau 14 kafin ya ce ya fanshe kuɗinsa. Mai na dala 399 zuwa huɗu ya ishe shi. Amma ka san wa aka yarda ya sayi wannan na arahar? Mazauna kudancin Kalifoniya kaɗai, wato maƙwabtan wurin. Ka riƙe wannan, domin rabin amsarka a nan take.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san bambancin mai rumfa da mai shimfiɗa buhu a ƙasa. Wanda ba ya fashin cin kasuwar Getso, shi ya dace ya kama rumfa ya biya ta shekara, don in aka raba kuɗin bisa yawan zuwansa sai ka ga ba komai ba ne. Amma manomin da ke kawo buhu biyu da kaka, ba a sake ganinsa sai ya zo sayen taki, in ya kama rumfar shekara ai ya yi wa hukumar kasuwa kyauta ne. Katin shekara rumfa ce. Kai kuwa, game da Gidan Zu, mai shimfiɗa buhu ne.

Bari in yi maka misali da kuɗinmu, misali kawai don sauƙin lissafi. A ce shiga Naira 500 ce, babba da yaro duk ɗaya, katin shekara kuma Naira 2,500. Kai da yara tara kun zama goma. In kun je sau biyu, Ƙaramar Sallah da Babba, Naira 10,000 ke nan. In kati ka sayar wa kowa, Naira 25,000 za ka zube lokaci guda, kuma zuwan dai biyun nan ne. Shi kuwa yaron Gandun Albasa ko Sheka, da zai iya takawa da ƙafa, in ya ga dama ya leƙa kowace Juma'a, sau 52 a shekara, kowane zuwa bai kai masa Naira 50 ba. Ka ga kati ɗaya, kuɗi ɗaya, wani ya ci riba wani ya tafka asara.

Kada ka ce ai in kati na hannu za ku riƙa zuwa a kai a kai. Da wace mota? Tsakanin Gwarzo da Kano wajen kilomita 70 ne. Ku bi ta Rimin Gado, ku sauka Kabuga, sannan ku nemi Adaidaita Sahu zuwa titin Gidan Zu, kuma mutum goma ba sa shiga ɗaya. Ga abinci, ga ruwa, ga balan-balan ɗin da ƙaramin cikinsu zai kwanta a ƙasa yana birgima sai an saya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kowa ya san inda kuɗin mota ya kai. A tafiyar mutumin karkara, kuɗin ƙofa shi ne ɗan ƙaramin cikinsu, kuma katin shekara ba ya rage ko kwabo daga kuɗin mota. Daɗin daɗawa, kuɗin da aka kulle a kati ya tafi ke nan. A 2024 da 2025 Babbar Sallah cikin watan Yuni ta faɗo, daidai lokacin shuka da neman taki, lokacin da Naira ɗaya a hannun manomi ta fi biyu da kaka.

Akwai kuma abin da hoton waya ba ya nunawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani yana son katin shekara ne don ya karɓi kuɗi tun kafin ya yi aiki, kuma ya sami masu cika masa wuri a ranakun da ba kowa, su sayi abinci, su sayi tsaraba. Amma mai kati, da yake ya riga ya biya, ba abin da zai hana shi zuwa ranar biki ma, ya tsaya a layi ɗaya da baƙon da ya zo daga nesa ya biya cikakken kuɗi. Kati ya yi yawa a hannun jama'a, wuri ya cika ya batse, baƙo ya koma gida yana ƙorafi. Sai masu wurin suka ɓullo da ranakun hani, wato ranakun da katinka ba ya aiki. Gwargwadon arahar katinka, gwargwadon yawan ranakun da aka toshe maka, kuma galibi su ne ranakun hutu da bukukuwa, ranakun da ka fi son zuwa.

Da annobar korona ta sa aka rufe wurin a watan Maris na 2020, sai a Janairun 2021 suka soke tsohon tsarin katin gaba ɗaya. Sabon da ya zo, ko kana da kati sai ka kama gurbi tun kafin ranar, in gurbin masu kati ya ƙare sai ka zauna gida. Nan rigima ta tashi. An tallata katin dala 1,399 da cewa ba shi da ranar hani, amma wata da ta saya ta tarar ranaku da dama babu gurbi gare ta, alhali kuwa ana sayar wa masu tikitin yini a waɗannan ranakun. Ta kai ƙara kotu a madadin duk masu irin katinta. A 2023 kamfanin ya yarda da sulhu a kan dala miliyan 9.5, aka raba wa mutum sama da 100,000, kowa ya tashi da kimanin dala 67. Mutumin da ya zuba 1,399 ke nan fa. Saboda haka Malam, duk ranar da wani mai wurin wasa, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, ya miƙo maka katin shekara yana washe baki, kafin ka taɓa aljihu ka tambaye shi ko yana aiki ranar Sallah da kwanakin da ke biye, ka ce kuma a nuna maka a rubuce. Ka tambayi makomar kuɗinka in aka rufe wurin shekara ba ta cika ba. In ya fara kame-kame, ka mayar masa da abinsa.

Sai kai samari na Kabo. Shawararka ba ta wauta ba ce, manyan masana tattalin arziki ma haka suke cewa, kuma an gwada ta. A watan Fabrairu na 2016 Disneyland ya raba ranakun shekara gida uku: ranar da ba kowa dala 95, ranar tsaka-tsaki dala 105, ranar cunkoso dala 119. Aka yi ta ƙari, har a watan Oktoba na 2024 tikitin ranar cunkoso ya kai dala 206, na ranar rahusa yana nan a 104. To, cunkoso ya kau? Masu ƙiyasi sun ce a 2019 waɗanda suka shiga wurin sun haura miliyan 18, a 2023 ma sun haura miliyan 17. Layi yana nan, har ma tun 2021 sai ka ƙara wasu kuɗin in kana son a ba ka gajeren layi, abin da a da kyauta ne. A ganina, tsada ba ta rage yawan kawunan da ke cikin fili ba sosai, masu kawunan ta canza.

Kuma ka duba bambancin da ke tsakanin tasha da Gidan Zu. In kuɗin mota ya tashi da jajibirin Sallah muna zagin direbobi da 'yan kamasho, amma tsadar tana da ɗan amfaninta, don tana fito da motocin da ke ajiye, har wanda ya yi niyyar hutawa ya ɗauko makulli. Shi kuwa Gidan Zu, ko an ninka kuɗi sau goma, ba ya ƙara faɗi ko taku ɗaya, zaki kuma ba ya zama biyu. Abin da kawai ƙarin zai yi shi ne ya tace masu shiga. Wa za a tace? Ɗan birni mai albashi zai biya yana tsaki. Wanda zai juya shi ne mai 'ya'ya tara da ya riga ya ƙarar da rabin guzurinsa a hanya, wanda kuma ba shi da wata ranar sai wannan. Wato maƙwabcinka na Getso, in ba ma mahaifinka ba.

Kada a manta, wannan gida ba na kamfani ba ne. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa gidan ke amsawa. Da dukiyar jama'a aka gina shi, ta birni da ta ƙauye. Kamfanin Amurka in ya kori talaka da tsada, riba yake nema, kuma bai ɓoye ba. Gidan da ƙananan hukumomi 44 ke da haƙƙi a cikinsa bai kamata ya bi wannan hanya ba. Ban ce kada a taɓa ƙara kuɗi ba, don zaki nama yake ci, ba dusa ba, ma'aikata kuma suna da iyali. In za a ƙara, a ƙara daidai da tsadar ciyar da dabbobi, a sanar tun da wuri a rediyo, kada mutum ya zo bakin ƙofa ya tarar da sabon farashi.

To mene ne magani? Ai ciwon na kwanaki ne. Ku je gidan wata Talata da hantsi cikin watan da ba biki, za ku sha iska a gindin itatuwa ba mai taka ku. Duk jama'ar shekara ce ke neman shiga cikin kwana huɗu ko biyar. A nan ne katin da na hana Malam na Getso saya zai yi masa amfani, in wasu suka saya. Da ni ake shawara da ni, sai in ce a fito da katin shekara mai araha, a tallata shi ga mutanen birni da makarantunsu, amma a rubuta baro-baro a jikinsa cewa ba ya aiki a makon Sallah. Yaron da ya ga kura sau shida tun Muharram ba zai yi kukan ganinta washegarin Sallah ba. Ba duka za su janye ba, yawon Sallah al'ada ce, wasu ma kwalliyarsu suke zuwa nunawa, ba dabba ce ta kawo su ba. Amma ko kashi ɗaya cikin biyar ne ya ragu, mutanen Gwarzo da Kabo da Karaye sun sami wurin sa ƙafa, gidan kuma ya sami kuɗin shiga a watannin da ƙofa ke hamma.

Mutanen karkara kuma a ware musu nasu ranakun rahusar bayan an gama kaka, cikin hutun makaranta na watan Disamba, lokacin da rumbu ke cike, rana kuma ba ta da zafi. Makarantar firamare ko ta Islamiyya ta haɗa yara ta ɗauki bas guda, kuɗin mota ya sauko, malamai su kula da su. Ni a wurina ma kallon ya fi ilimi a haka, don yaro zai tsaya ya tambaya, ba a ingiza shi gaba.

A kwanakin Sallah kuwa, ƙidaya ce ta fi tsada aiki. Masu gidan su san adadin da filinsu zai ɗauka, su buga tikiti daidai wannan adadi, kowane da lamba da kwanan wata, na safe launinsa daban, na yamma daban. A kai wani kaso hedikwatar ƙananan hukumomi a sayar tun kafin Sallah, yadda mutumin Kabo zai san yana da gurbi kafin ya hau mota. Ƙofar shiga daban da ta fita, mata da ƙananan yara da layinsu. Na san abin da za ku ce, 'yan cuwa-cuwa za su saye su sayar da tsada, wasu ma su buga na jabu. Gaskiya ne, kuma ba a kanmu aka fara ba, don ranar da aka buɗe Disneyland ɗin nan a 1955 jabun tikiti sun sa jama'a sun cika wurin fiye da yadda aka shirya, abinci da abin sha suka ƙare. Sai a ƙayyade yawan da mutum ɗaya zai saya, a kuma duba lamba a ƙofa.

Tikiti mai lamba yana da wani amfanin. Kuna tune da watan Yuni na 2019, bayan Ƙaramar Sallah, da labari ya karaɗe duniya wai gwaggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6.8 na kuɗin da aka tara a ƙofar gidan? Har gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce ai babu ma gwaggon biri a gidan, 'yan sanda kuma suka shiga bincike. An sha dariya, amma ku lura da abu biyu. Kuɗin kwanaki kaɗan ke nan, ku auna yawan jama'ar da suka bi ta ƙofar. Sannan tsabar kuɗi ce aka tara wuri guda cikin hayaniya. In an sayar da tikiti tun da wuri, kuɗi sun shiga banki, lamba ta nuna nawa aka sayar, ko birin gaske ne ya zo ba zai sami abin haɗiya ba.

Yanzu ke 'yar'uwa ta Garo, kin yi haƙuri da dogon zancen maza. Tsoronki yana kan hanya. In da hali, ki bari makon Sallah ya wuce, ki sa musu kayan Sallarsu Asabar ta gaba, dabbobin suna nan ba inda za su. In kuwa sun kafe sai cikin Sallah, to ki guji washegari da kwana biyun da ke biye, kuma ku yi sammako, ku shiga da hantsi, ku fito kafin la'asar, don da yamma ne 'yan birni ke kwararowa, a bakin ƙofa kuma aka fi matsuwa, masu shiga da masu fita suna karo. Kada babba ɗaya ya ɗauki yara fiye da uku, kuma kada a ba 'yar shekara goma sha biyu riƙon ƙannenta a ce ai ta girma. Ki rubuta sunan kowane yaro da garinsu da lambar wayar babansu a 'yar takarda, ki maƙale masa da fil a cikin aljihu. Da kun shiga, ki nuna musu wata bishiya ko rumfa ki ce duk wanda ya ɓace a nan zai tsaya. Na goye a bar shi gida wurin kakarsa, 'yan kunnen zinariya ma a bar su gida. Ku tafi da ruwanku. In kika ga layi ya fara tangaɗi, ana turo ku daga baya, ki ja yaranki gefe ko da tikiti na hannunki, asarar tikiti mai sauƙi ce. A gaban keji kuma kada a ɗaga yaro a ɗora shi bisa shinge don ya gani da kyau.

Wani abin kuma, kada a ce tun da an hana su birni sai a sake su su tafi bakin ruwa. Dam ɗin Guzuguzu yana nan kusa da ku, na Challawa yana Karaye, kuma yaro da kwalliyar Sallah da abokai ba ya jin kashedi. Da shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo za su share fili ɗaya a cikin gari, su kafa lilo da shillo, su gayyato masu wasan gargajiya kwana uku, da yara da yawa ba su matsa sai Kano ba. In wani kansila yana saurare, to ga aiki nan mai arahar gaske.

Malam na Getso, a gaida yara tara. Akwai wasiƙu biyu daga Kutama a kan kuɗin awo a kasuwa, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu. Ku huta lafiya.